Yadda Na Zama Angon Mangwaro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙudajen Challawa suka taru suka tona mini asiri a bainar jama'a ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, don in na fara da ƙudajen za ku ɗauka ƙazanta ce ta ja mini, alhali tsafta ce da ƙwalisa suka yi mini yawa.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Gumel, kuma ɗan gidan dukawa. Kakana baduku, mahaifina baduku, mu da gona sai dai gaisuwa daga nesa. Ilimin gidanmu guda ɗaya ne, kuma mun riƙe shi da kyau: duk abin da ya bushe mai yake so. Fata ta bushe, a shafa mata mai. Ƙafa ta yi faso, mai. Ƙyaure ya fara kuka, mai. Da wannan karatun na shigo Kano, na samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a ɓangaren ƙarshe, inda ake shafa wa fata mai a goge ta har ta yi sheƙi kafin a ɗaure ta a fitar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, nan da nan aikin ya karɓe ni. Zama da mutane ne dai ya ƙi karɓata.

A bakin get ɗin kamfanin akwai wata tsohuwar darbejiya. A gindinta Inna Kande take sayar da shinkafa da wake, a nan kuma ma'aikata suke majalisa in an fito hutun rana. Su haɗa kwanuka su ci tare, su yi musun ƙwallo da na farashin taki, har a busa komawa aiki. Babban majalisar, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, shi ne Malam Garba, wani dattijo ɗan asalin Challawa da ke aiki a ɓangaren jiƙa fata, yana kuma da lambu a bakin kogi. Sai Iro, ɗan Maraɗi, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da loma a ciki.

Ranar da na fara aiki na sayi abincina ina tsaye ina waige-waige, sai Malam Garba ya ɗago ya ce, "Bismillah, matso mana." Ni kuma na taso a inda ba a amsa tayin farko. A garinmu sai an yi maka tayi an sake, an kamo hannun rigarka, sannan ka zauna kana cewa ai da an bar shi. Don haka na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Na tsaya ina jiran tayi na biyu. Ashe a nan sau ɗaya ake yi. Malam ya ce to, ya mayar da hannu kwano, hira ta ci gaba. Da tsayuwar ta ishe ni na zagaya bayan katanga, na samu wani bulo kusa da taransifoma na zauna na cinye abincina.

Washegari kunyar jiya ta hana ni matsawa. Jibi kunyar kwana biyun ta hana. A haka a haka bulon nan ya zama kujerata, shekaru suka shuɗe. Daga inda nake ina jiyo dariyarsu, wani lokaci har in tsinci kaina ina murmushi kan labarin da ban ji farkonsa ba. Ba wanda ya tsane ni, kada ku zarge su. Mutane kawai sun ɗauka haka nake so. Wanda zai yi mini magana sai ya ce "bawan Allah", Inna Kande kuwa "na bayan katanga" take ce mini. Ta san wake ya fi shinkafa yawa a kwanona, amma ba ta san sunana ba.

In an tashi sai in koma ɗakina a wani gidan haya a Panshekara, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Iyalina suna ƙauye, sai da Sallah nake ganinsu. Wayata kuwa takan yi shiru har in ɗauko ta in duba ko ta mutu ne. Ina faɗa muku ba don ku tausaya mini ba (to, ku ɗan tausaya kaɗan), sai don ku gane irin yunwar da ke cikina, wadda ba ta shinkafa da wake ba ce.

Ana nan sai iskar farkon damina ta tuge darbejiyar nan daga saiwa. Allah ya taƙaita, ba kowa a wurin. Inna Kande ta kafa rumfar buhu, amma rumfar ita da tukwanenta kawai take ɗauka, majalisa ta koma cin abinci ana sharce gumi. Bayan 'yan kwanaki Malam Garba ya zo da kwandon mangwaro daga lambunsa, na ƙarshen lokacinsa, ya zube a tabarma. Ina kan layin abinci na ji yana cewa, "Kowa ya sha, amma kada wanda ya jefar da ƙwallon. Kowa ya je ya reni nasa. In damina ta zauna sai a kawo, wanda ya fi lafiya shi za mu dasa a gurbin darbejiya." Da layi ya zo kaina, Inna ta ɗauko guda ta ɗora mini a kan murfin kwano ta ce, "Ungo, na bayan katanga, ai kai ma ɗan kamfani ne."

A kan bulona na sha mangwaron nan, ina sha ina lissafi. In tawa aka dasa, to magana ta ƙare. Wa zai yi wa mutum tayin inuwar bishiyarsa? Zuwa kawai zan yi in zauna, ba sai an ce bismillah ba, ba sai na yi bayanin inda na shige duk shekarun nan ba. Na tsotse ƙwallon nan tas, na naɗe shi a leda na sa a aljihu kamar wanda ya tsinci zinariya.

Na samu tsohuwar robar fenti na huhhuda gindinta, na cika ta da ƙasa da kashin awaki, na binne ƙwallon. Da farko a ƙofar ɗaki na ajiye. Da tsiro ya leƙo, da wasu 'yan ganye jajaye masu laushi kamar hanta, sai na ga akuyar mai gida tana yi masa wani irin kallo, na kinkimi robar na shigar ɗaki na ajiye a ƙarƙashin taga. Na ce wa kaina saboda akuya ne. Gaskiyar magana ita ce, tun ranar da shukar nan ta shiga, ɗakin ya daina yi mini kama da kango. In na dawo sai in yi mata sallama. Daga sallama aka koma labari: abin da shugaban ɓangarenmu ya ce, wanda ya yanke a hannu, abin da na jiyo Iro yana faɗa ta bayan katanga. Har wani tela da muke haya tare ya tare ni wata rana ya ce, "Malam, kwana biyu waya ta buɗe, kullum ina jin ka kana hira." Na ce masa iyali ne. (Ban ga na yi ƙarya sosai ba.)

A wajen aikinmu rana abokiyar gaba ce. Fata mai daraja a inuwa ake shanya ta, in rana ta doke ta sai ta ƙandare ta tsage. To ni da wannan hankalin na reni shukata. Ko labulen taga nakan ɗan saki in na ga haske ya yi yawa. Ita kuwa ta yi ta ba ni abin da nake so in gani. Ganyen ya rikiɗe ya koma kore shar, mai duhu, faffaɗa, dogo har ya kusa kamu biyu, ga laushi kamar fatar ɗan akuya da ta sha gyara. Ta yi ta miƙewa sama, tsakanin wannan ganye da wancan sai ka sa tafin hannu. Jikinta dai siriri ne kamar tsinken tsire, kuma kullum tana karkata wajen taga, har sai da na kafa mata kara na ɗaure ta da zaren ɗinkin takalmi. Yanzu na san shukar nan neman haske take yi ido rufe. A lokacin kuwa cewa na yi yanga ce irin ta dogaye.

Shi Iro ko gida bai kai nasa ba. A wani yankakken galan ya binne, ya ɗora a kan tarin bulo a gefen rumfar Inna, rana ta doka, ruwa ya doka. Kullum in na zo sayen abinci sai na saci kallonta. Gajeruwa, jiki kamar yatsa, ganye ƙanana masu tauri a cunkushe, kore mai haske-haske, ɗaya ma fara ta gutsure gefensa. Wallahi har tausayinta nake ji. Nakan ce a raina, Allah sarki, marainiya, ba ki yi dacen uba ba.

Sai ranar da shaiɗan ya zo mini ta hanyar sana'a. Na dawo daga aiki na ga ƙura ta ɗan kwanta a kan ganyen, na laluba aljihu na ji tsumman da nake goge hannu da shi a wajen aiki, wanda ya sha man fata har ya ƙoshi. Na goge ganye ɗaya. Jama'a, sai ga shi yana walƙiya kamar takalmin ango! Na ja da baya na kalla, na ce lallai ganyen mangwaro fata ne Allah ya rataya a bishiya. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kuma da yake ni ɗan gado ne, ban yi aikin ha'inci ba, ciki da baya na shafa, don baduku na ƙwarai ba ya gyara fuska ya bar baya. Daga ranar ya zama al'ada. Da na ga ganyen ƙasa sun fara yin rawaya suna zubewa, sai na ce bushewa ce, na ƙara mai.

Damina ta zauna, Malam Garba ya sa rana, wata Asabar. An kwana ana ruwa, gari ya waye tangaram, irin wayewar da rana take fitowa kamar tana bin mutane bashin kwanakin da ta yi a ɓoye. Na tashi na yi wa shukata shafa ta musamman, na lulluɓe ta da zanin gado, na ɗauki shatar Adaidaita ni kaɗai don kada wani ya goge ta. Na saka kaftanina na Sallah a leda, na cusa tsumman a aljihunsa ko za a buƙaci gyaran ƙarshe. Na isa da wuri, ba kowa sai Inna tana hura wuta a can ciki. An riga an haƙa rami, wasu sun jera nasu a gefensa, a fili. Na ajiye tawa a ƙarshen layi, na yaye zanin, na yi sauri na shige get.

Ban shige duka ba, na ɗan laɓe. Ina ji Iro ya iso ya ce, "Kai! Wannan fa ta wane ne? Daga Turai aka yo odarta?" Wani ya ce ai gasa ta ƙare, kowa ya kwashe tasa. Na wuce ɓangarenmu ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A safiyar nan na goge fatu kamar ba gobe, ina yi ina shirya jawabin da zan yi: in ce ba komai, yin Allah ne, ɗan abin da muka iya ne. Har inda zan yi tari na tsara.

Da aka busa hutun rana na wanke hannu, na zura kaftani, na gyara hula, na fito a hankali irin fitowar wanda bai san ana jiransa ba. Daga nesa na hango mutane sun yi da'ira daidai inda na ajiye robata. Na ƙara sauri don murna. Da na matso sai na ji dariya, irin wadda mutum yake riƙe ciki. Na leƙa ta kafaɗar wani.

Ban gane ta ba da farko. Ganyen nan da na bari suna walƙiya duk sun langaɓe sun rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma, ko'ina tabo ruwan ƙasa kamar an manta dutsen guga a kai. Kanta ya sunkuyo ya karye a daidai inda zaren ya ɗaure. Ga kuma ƙudaje. Ba ƙananan nan na gida ba, manyan koraye na bayan kamfani, waɗanda suka san warin fata tun suna tsutsa. Sun rufe ta ruf, wasu suna shawagi, wasu sun maƙale a man suna ta fafutuka. Sauran shuke-shuken kuwa suna tsaye abinsu a rana ɗaya da tawa, ko ƙuda ɗaya bai kula su ba. Ta Iro har wani ɗaga kai take yi.

Iro ya tsuguna ya murza ganye ɗaya a yatsa, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa. Sai ya miƙe ya ɗaga yatsan sama ya ce, "Jama'a, wallahi tallahi man fata ne! Namu na ciki!" Da a wani wuri ne, da ba mai ganewa. Amma nan kowa da warin man nan yake kwana yake tashi. Ganyen ya yi ta yawo daga hanci zuwa hanci, kowa ya shinshina sai ya fashe. Iro ya ce, "Ashe amarya aka kawo mana, an yi mata gyaran jiki! To ina dangin ango? Wa ya kawo ta?"

A nan ne na ga wata 'yar ƙofa ta tsira. Ba wanda ya ga lokacin da na ajiye ta. Ba wanda ya san ni, balle ya zarge ni. A karo na farko rashin sanin da aka yi mini ya zama garkuwa. Na ƙaƙalo dariya irin ta 'yan kallo (Allah ya yafe mini, har kai na girgiza, wai ina mamakin wautar mai ita), na fara ja da baya a hankali.

Sai ƙuda ɗaya ya sauka a aljihun kaftanina. Na kore shi. Ya dawo da ɗan'uwansa. Kafin in ankara wani ayari ya taso daga kan shukar ya yo kaina, kai tsaye wajen aljihun da tsumman yake, wanda ashe bakinsa ma ya leƙo waje. Ina kora suna ƙaruwa. Iro ya bi su da ido tun daga robar har zuwa ƙirjina, ya dubi tsumman, ya dubi kaftanin Sallah, ya dubi hular. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Allahu akbar. Ga ango nan, har ya sha ado."

Dariyar da aka yi, ina jin har Sharaɗa an jiyo ta. Wani ya zauna a ƙasa daɓas. Inna Kande ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na yi tsuru-tsuru, ido ya raina fata, ina kallon ramin da aka haƙa ina auna ko zai ɗauke ni.

Malam Garba ne ya ɗaga hannu aka lafa. Ya matso ya ce, "Taka ce?"

Na ce, "Tawa ce, Malam."

"A ina ka rene ta?"

"A ɗaki."

Ya dube ni, ya dubi shukar, ya ce a hankali, "A ɗaki. Ita ma ba ta fita ke nan."

Duk dariyar Iro ba ta huda ni kamar wannan "ita ma" ɗin ba. Ashe duk shekarun nan dattijon nan yana ganin wucewata bayan katanga da kwano a hannu. Na ɗauka ni iska ne a wurin, ashe ana gani, shiru kawai aka yi mini kamar yadda na yi wa mutane.

Ya tsinki ganye ɗaya daga tawa ya ɗaga shi saitin rana, haske ya ratsa shi kamar tsohon mayafi. Ya tsinko na Iro ya ɗaga, bai ratsa ba. Ya lanƙwasa na Iro ya saki, ya koma ya miƙe, ya lanƙwasa nawa, ya zauna a lanƙwashe. Ya ce, "Ka ga, shukar inuwa faɗaɗa ganye take yi don ta kamo ɗan hasken da ta samu, sai ya yi faɗi ba kauri. Ido zai so shi, amma ranar da ya haɗu da rana ba ya kai azahar. In za ka zaɓi dashe, kada girman ganye ya ruɗe ka. Taɓa ka ji tauri, dubi kusancinsu, dubi kaurin gindi." Ya juya bayan ganyen nawa ya shafa, yatsansa ya yi maiƙo. "Wannan kuma, wani malamin gona ya taɓa gaya mana ta bayan ganye bishiya take numfashi. Kai ka toshe mata hanci, rana kuma ta zo ta soya ta a man."

Iro ya ce, "Saura gishiri da yaji." Aka sake kwashewa.

Ta Iro aka dasa, marainiyar nan da nake tausayi. Ana cikin addu'a na sunkuci robata na rungume, ko zanin ban tsaya ɗauka ba. Ina ji Malam yana cewa daga baya in wanke ta da ruwan sabulu kada in jefar, ban waiwaya ba. Na ajiye ta a bayan katanga kusa da bulona, ni da ita da sauran ƙudajen da suka yi mana rakiya. Ranar ban ci abinci ba.

Na kai ta gida na wanke ta kamar yadda ya ce, ganye ɗaya-ɗaya, ina ba ta haƙuri. Duk da haka suka yi ta zubewa har ta koma tsinke a cikin roba. Kwanakin nan su ne mafi tsawo da na yi a Kano. Na daina zuwa wajen Inna, sai in sayi burodi tun daga Panshekara in ci a kan bulo. In na dawo ɗaki ba na iya yi wa tsinken nan labari, don kunyarsa nake ji. Tela ma sai da ya tambaye ni ko layin ya lalace ne.

Wata rana ina tsaka da tura burodi ba ruwa, sai na ji an ƙwala daga kan kwana: "Ango!" Na yi kamar ban ji ba. "Angon mangwaro! Da kai nake!" Iro ne, ya leƙo bayan katanga, riƙe da zanin gadona a ninke. Ya ce, "Ya jikin amarya?" Na so in haɗe rai, amma ban san lokacin da na ce, "Da sauƙi, sai dai gashi ya zube" ba. Ya yi dariya har da dafa katanga. Ya ce Malam ya ce in tana da sauran rai in kawo ta gefen rumfa, ta riƙa shan ranar safe, in ta yi zafi Inna ta ja ta ciki, a haka a haka har ta saba.

Washegari na kawo ta, ba lulluɓi, ba shata, a kan cinyata a cikin Adaidaita ana ta matse mu. Da rana na fito na duba ta, na karɓi abincina, ƙafata ta juya da kanta za ta bayan katanga. Malam Garba bai ko ɗago kai daga kwano ba ya ce, "Bismillah." Ai ban bari ya rufe baki ba. Zaman da na yi a bencin nan, saura kaɗan in wuntsilar da mutumin da ke ɗaya gefen.

Shukar ta yi kwanaki kamar ba za ta yi ba, sannan ta fasa sabon toho a ƙasan inda ta karye. Ganyen da suka fito ƙanana ne, masu tauri, ba sheƙi ko kaɗan, irin waɗanda da can zan kalla in ce Allah sarki. Da ta yi ƙwari muka dasa ta a bayan masallacin kamfani, inda ruwan alwala yake gangarawa. Ba ta kamo ta Iro ba, kuma ba na jin za ta kamo. Ita ma ta Iron har yanzu inuwarta ba ta wuce ta mutum biyu da kwano ɗaya ba, sauranmu a rana muke ci muna jiran ta girma.

Sunan kuwa ya bi ni. Daga get har ɓangaren jiƙa fata Ango ake ce mini, kuma ina zargin rabin majalisar har yau ba su san sunana na yanka ba. Ban damu ba. Wanda ya yi shekaru yana amsa "bawan Allah" ba zai yi wa Ango tsiwa ba.

Ɗakin dai yana nan yadda yake, taga ɗaya, waya shiru, ga zagayen datti da gindin robar ya bari a siminti. Wani lokaci in na dawo da yamma nakan juya wajen tagar zan fara ba da labarin yau, sai in tuna ai na riga na bayar da rana, har Iro ya ƙaryata ni. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi: ba duk abin da ya bushe ne mai yake so ba, wani fitar da shi kawai za a yi ya sha rana. Sannan in Bakano ya ce maka bismillah, ɗan'uwa, zauna tukuna, ka yi kawaicin daga baya.